Kada Mu Ƙarar Da Ranar Bankwana A Kasuwa



Akwai wata ɗabi'a da ta zame mana jiki a Nguru da Gashuwa da garuruwan da ke kewaye da su, wadda nake ganin lokaci ya yi da za mu zauna mu dube ta. Idan aboki ya zo mana daga nesa ya kwana biyu ko uku, ranar da zai koma ita ce ranar da muka fi gajiyar da shi, kuma ita ce ranar da muka fi ƙarancin zama da shi. Ra'ayina shi ne wannan rana haƙƙin mutum biyu ce, baƙon da mai masaukinsa, kuma duk wata hidima da za a iya gamawa kafin ranar, to a gama ta. Na san akwai waɗanda ba za su yarda da ni ba, kuma suna da hujja, zan zo kanta.

Kowa ya san yadda ranar take tafiya. Ana idar da sallar asuba mai gida zai ce, "Alhaji, bari mu leƙa kasuwa a samo wa yara ɗan kifi." Daga wajen masu bandar kifi a zarce wajen masu shinkafa, daga nan a nemi kwali, a nemi igiya, a nemi wanda zai ɗaure. Kafin a dawo gida rana ta take. Sai kuma a tuna ba a yi wa Baba wane sallama ba, ba a shiga gidan surukan wane ba, mai unguwa ma zai ji ba daɗi idan ya ji an tafi. Kowane gida aka shiga sai an zauna, a kawo ruwa, a kawo fura, a rantse sai an taɓa abinci. A zaure kuwa ga samari suna jira da takardunsu a ambulan. Da an yi la'asar sai hankali ya tashi, a jefa kaya a but, a yi musabaha ta tagar mota, a ce, "To, sai mun yi waya." Mutumin da ya yi tafiyar wuni guda don ya ga amininsa ya juya, ba su samu ko rabin awa su biyu ba.

Mu mutanen wannan yanki bai kamata a koya mana darajar bankwana ba, domin da zuwa da tafiya garuruwanmu suka bunƙasa. Layin dogon da ya taso daga Kano ya iso Nguru a 1930, bayan tafiyar kimanin kilomita 230, kuma a nan ya tsaya. Wannan ne ya mai da garin matattarar gyaɗa da ƙaro da fatu da shanu da busasshen nama, ya jawo Yarabawa da Ibo da sauran mutanen kudu suka zauna tare da Mangawa da Badawa da Fulani da Hausawa. Dattawan da suka ga zamanin da jirgi yake tashensa za su gaya maka cewa jirgi ba ya jiran wanda ya tsaya ɗaurin kaya. Saboda haka tun ana gobe tafiya ake gama sayayya, a ɗaure komai, a yi sallama da wanda za a yi. Ranar tafiya babu abin da ya rage sai a tafi tasha da wuri, a shimfiɗa tabarma, a zauna da matafiyi har a busa. Wannan zaman jira shi ne lokacin da ake yin maganar da ba a yi ba tun zuwansa. Da mota ta maye gurbin jirgi, musamman motar gida, sai lokacin tashi ya zama na roba, ana jan sa daga hantsi zuwa azahar, daga azahar zuwa la'asar, kuma duk tazarar da aka samu sai mu cusa mata wata sabuwar hidima.

Har yau ba mu rabu da baƙi ba. Asibitin Tarayya da ke Nguru, Jami'ar Tarayya ta Gashuwa da aka kafa a 2013, Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman, da masu yi wa ƙasa hidima da ake turo mana duk shekara, kullum suna kawo mana mutane. A saba da su, a zama kamar 'yan uwa, wata rana a yi musu canjin wurin aiki su tafi, sai bayan shekaru su waiwayo ziyara. Namu kuma sun bazu: wasu suna Damaturu tun da aka ƙirƙiro jihar Yobe a 1991, wasu Kano da Kaduna da Abuja da Legas, wasu Damagaram, wasu har Saudiyya. Yawancinmu a yau aminin da muka tashi tare da shi a Hausari ko Bulabulin, ko a Katuzu ko Zango, ba ya garin. Sai da Sallah ko biki ko rasuwa ake ganinsa.

Ganin ma ya ragu, kuma kowa ya san dalili. A watan Mayu na 2013 aka kafa dokar ta-ɓaci a Yobe da Borno da Adamawa, aka katse layukan waya na makonni, hanyoyi suka cika da shingaye, mutane da yawa suka ɗauke ƙafa daga zuwa gida. A 2020 annobar korona ta sa aka hana tafiya tsakanin jihohi, har aka yi ƙaramar Sallah kowa yana inda yake. Daga ranar 29 ga Mayu 2023 da aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota ya ninka ya sake ninkawa. Ma'aikacin da a dā yake ɗebo iyalinsa sau biyu a shekara, yanzu sai ya yi tanadi kafin ya zo sau ɗaya shi kaɗai. To idan zuwan ya yi tsada haka, kuma babu wanda ya san yaushe za a sake, ta yaya za mu ɗauki wuni mafi daraja a cikinsa mu ƙarar a layin masu kifi?

Wani zai ce ai yanzu akwai waya, akwai WhatsApp, abin da ba a faɗa yau ba a faɗa gobe. Gaskiya ne waya ta rage nisa, kuma mun gode Allah da ita. Amma mu tambayi kanmu irin maganar da muke yi a waya. Gaisuwa ce, da barkwanci, da tura hoton ɗaurin aure, da "ya iyali", "lafiya lau". Bahaushe ba ya buɗe cikinsa a waya. Mutumin da likita ya ce masa ƙodarsa ta fara taɓuwa, ciwon da duk wanda ya san ƙasar Bade ya san yadda ya addabe mu, ba zai rubuto maka wannan a saƙo ba. Wanda bashi ya yi wa katutu, ko ɗansa ya faɗa shaye-shaye, ko gidansa yake neman watsewa, sai an zauna, an yi shiru, an yi hirar duniya ta ƙare, sannan zai gyara murya ya ce, "Mutumina, akwai wata magana." Irin wannan magana ba ta fitowa a ranar farko. Ranar farko ta gajiya ce da ban gajiya. Rana ta biyu ta jama'a ce, masu shigowa da masu fita. Sai a rana ta ƙarshe, da mutum ya ga tafiya ta matso, nauyin bakinsa yake raguwa. Idan muka cika ranar da zirga-zirga, maganar za ta koma da shi yadda ya zo da ita.

Duk mai zuwa zaman makoki a garuruwan nan ya sha jin wata jimla, ni kam na ji ta har ban san adadi ba: "Wallahi watan jiya ya zo, ba mu ma samu zama ba, muka ce sai ya dawo." Mai faɗin haka bai yi wa mamacin rowar abinci ba, bai hana shi masauki ba, wataƙila ma har da kwalin kifi ya sallame shi. Abin da yake ci masa rai shi ne awa biyun da bai ba shi ba. Hausawa sun ce sabo ake yi wa kuka, kuma kukan ya fi ɗaci idan akwai sauran magana.

Addininmu ma bai ɗauki bankwana da wasa ba. Malamai suna karantar da mu cewa liyafar baƙo kwana uku ce, abin da ya ƙaru a kai sadaka ne, kuma matafiyi ana yi masa addu'a a damƙa shi amana ga Allah. Akwai kuma labarin Mu'azu ɗan Jabal, Allah ya yarda da shi, lokacin da Manzon Allah (SAW) ya aike shi Yaman. Ya fito ya raka shi, Mu'azu yana kan abin hawa, shi kuma yana tafiya a ƙasa yana yi masa wasiyya, har ya sanar da shi cewa mai yiwuwa ba za su sake haɗuwa ba bayan wannan shekarar. Mu'azu ya yi kuka, kuma haka ɗin aka yi, bai dawo Madina ba sai bayan wafati. Shugaban al'umma gaba ɗaya ya samu lokacin takawa da ƙafarsa don ya sallami mutum guda. Mu wane aiki ne ya sha mana kai?

Abu na farko da yake cinye ranar shi ne tsaraba. Ni ba na cikin masu cewa a daina ta. Duk wanda ya je Gashuwa ya koma Kano hannu rabbana, yaransa ma sai sun tambaye shi ina kifi. Shinkafar fadamarmu, da tabarmar kaba, da goruba, da kilishi, duk abubuwa ne da suke sa wanda bai zo ba ya ji an tuna da shi. Abin da nake cewa shi ne ba dole sai ranar tafiya ba, kuma ba dole sai an ja baƙo cikin rana ba, a ƙasar da zafin watan Afrilu da Mayu yake haura maki 40. Tun ranar da ya sauka ka san zai koma. Ka aiki yaro, ko ka yi wa abokin cinikinka magana ya ware maka, a ɗaure a ajiye. Sannan a yi daidai ƙarfi. Mun kai matsayin da wani idan amininsa ya bugo ya ce zai zo, gabansa faɗuwa yake yi, domin lissafin abin sallama yake yi, har wani ya ƙirƙiro tafiyar da ba shi da ita. Wani kuma ya ci bashi ya cika but, baƙo ya tafi yana godiya, shi ya kwana wata biyu yana biya. Idan tsaraba ta kai ga sa mutum gudun amininsa, ta tashi daga alheri. Shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma, kuma mudu biyu na shinkafa da aka bayar da sakin fuska sun wadatar. A kuma tuna da wanda zai hau motar haya: duk buhun da ka ƙara masa, kuɗin kaya ka ƙara masa a tasha.

Na biyu shi ne zagayen sallama, kuma a nan ne na san za a fi yi mini ca. Za a ce, yanzu so kake yaro ya shigo gari ya fita bai sallami manya ba? Ko kusa. Gaida manya wajibi ne, kuma duk wanda ya raina shi ya raina tarbiyyar da aka yi masa. Tambayata ita ce, me ya sa sai an je sau biyu, kuma na biyun sai a ranar tafiya? Idan ka je gaida dattijo washegarin saukarka, babu laifi ka durƙusa ka ce, "Baba, jibi nake sa ran komawa, idan ban samu dawowa ba wannan ce sallamata, a sa mana albarka." Ban taɓa ganin dattijon kirki da ya ƙi karɓar wannan ba. Sau da yawa ma su ne suke cewa, "Ka je abinka, Allah ya kiyaye hanya, kada ka wahalar da kanka." Mu masu masauki ne muke ƙara wa abin gishiri, wani lokaci don a gan mu da babban baƙo a ƙofar gidan wane. Waɗanda na cire daga wannan magana su ne iyaye da waɗanda suke makwafinsu, da marar lafiyan da yake kwance. Waɗannan ko da asuba za a tashi, sai an tsaya a kansu, domin su ne ma suka fi kowa cancantar kallon ƙarshe.

Na uku yana da nauyin faɗa, amma gara a faɗa. Mun mai da ranar bankwana ranar miƙa buƙatu. Kowa ya san halin da ake ciki, matasa sun gama karatu babu aiki, magidanta suna fama, kuma neman taimako wajen ɗan uwa ba abin kunya ba ne. Sai dai mu duba yadda muke yi. Mutum ya riga ya sa ƙafa ɗaya a mota, sai a ja shi gefe, wannan kuɗin magani, wannan kuɗin makaranta, wannan takardar neman aiki. Ba shi da lokacin da zai yi tunani, ba shi da sararin da zai ce babu, kuma sau da yawa kuɗin da ya rage a aljihunsa na mai ne ko na mota. Alhali yawancin waɗanda muke ɗauka manya ne a Abuja, ƙananan ma'aikata ne masu biyan haya, waɗanda ba su da ikon ɗaukar ko masinja. Sakamakon haka muna ganinsa: wasu sun koma shigowa gari a ɓoye, wasu su sauka a otal, wasu su sulale kafin gari ya waye ba tare da sallamar kowa ba, sai mu ce sun yi girman kai. Mai masauki shi ne ya kamata ya zama katanga a nan. Duk mai buƙata a ce ya zo tun da wuri, a saurare shi a natse, abin da zai yiwu a yi, wanda ba zai yiwu ba a gaya masa gaskiya. Ranar ƙarshe kuwa a ce, "Ku yi haƙuri, yau Malam hutawa yake yi."

Na huɗu shi ne riƙe baƙo har yamma, wanda muke yi da sunan ƙauna. "Haba Yaya, tun yanzu? Ka bari a sauke abinci." "Ka bari rana ta yi sanyi." Baƙo yana jin nauyi, sai ya zauna. Amma mu da muke zaune a nan mun fi shi sanin hanyoyinmu. Ko ta Haɗeja ko Gumel zai bi zuwa Kano, ko ta Bayamari da Dapchi zuwa Damaturu, ko ta Jakusko zuwa Potiskum, babu wadda mai hankali zai so dare ya yi masa a kanta. Ga ramuka, ga dabbobi masu tsallaka titi, ga manyan motoci masu fitila ɗaya, ga jiran shingen bincike. Da hunturu hazo ya rufe gaba, da damina ruwa ya ci hanya, kuma wanda ya ga ambaliyar 2022 a Gashuwa ba sai an yi masa bayani ba. Idan ka riƙe mutum har la'asar don ya ci tuwonka, sannan magariba ta same shi a daji da mata da yara, wace irin ƙauna ce wannan? Saboda haka a wajena, ranar ƙarshe ta gaskiya ita ce jajibirin tafiya. A ba ta haƙƙinta tun daga safe har dare, washegari a yi asuba, a karya, a kama hanya da sanyin safiya.

To idan an share ranar, me za a yi da ita? Ba sai an kashe kuɗi ba. Tabarma a inuwar maina da butar shayi sun isa, in dai an ajiye waya a gefe. Wanda yake da hali kuma ya ɗauki abokinsa su fita wuri guda, kada ya zama wani sabon zagayen. Tsakanin Nguru da Gashuwa tafiyar kilomita 60 da 'yan kai ce ta Jajimaji, kuma Allah ya ajiye mana abin kallo a nan da mutane suke tasowa daga wata duniya don su gani. Dausayin Haɗeja da Nguru yana karɓar dubban tsuntsaye da suke gudo sanyin Turai duk hunturu, su yi watanni su koma. A 1989 Yarima Philip, mijin Sarauniyar Ingila ta lokacin, ya zo har Dagona don ganinsu. A 2000 aka sa tafkin Nguru da mashigin Marma cikin jerin dausayoyin duniya masu muhimmanci a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, kuma shi ne na farko a Najeriya. Amma nawa ne a cikinmu suka taɓa kai baƙonsu can? Akwai Gogaram, tsohuwar fadar Bade, akwai tsohuwar tashar jirgi, akwai bakin kogi da yamma lokacin da masunta suke dawowa.

Idan abokin ɗan gida ne da ya daɗe a waje, fitar tana da wani amfanin. Ya ga yadda kacalla ta cinye hanyoyin ruwa da gonaki, ya ji daga bakin masunta da manoma yadda zuwan ruwa ya canza tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992. Gani ya kori ji. Wanda ya ga wannan da idonsa, idan wata rana ya samu kansa a inda ake magana a kan yankinmu, zai yi ta da sani. Wannan ya fi takarda goma da za a cusa masa a aljihu.

Ba zan manta da iyayenmu mata da ƙannenmu ba, domin su abin ya fi shafa. Mace za ta yi aure a Kano ko Maiduguri, ta shekara uku ba ta ga ƙawarta ba. Ranar da za ta koma, ina ƙawar take? Tana madafa tun safe, tana suyar kifi, tana dakan yaji, tana ƙulla kuka da kuɓewa da daddawa a leda. Sai mota ta tsaya a ƙofar gida za ta fito tana goge hannu a zane, su rungumi juna, shi ke nan. Haka idan baƙon na mai gida ne, uwargida ce take wuni a bakin murhu don a fita kunya. Magidanta, wannan a hannunmu yake. A rage yawan girki a ranar, a sa 'yan mata su karɓi aikin, a bar mata su ma su zauna su yi tasu hirar. Su ma suna da maganar da ba ta faɗuwa a waya.

Akwai kuma abin da bai kamata rana ta faɗi ba a yi shi ba, wato warware abin da ke tsakani. Da yawa daga cikin 'yan uwanmu na nesa sun bar amana a hannun abokansu: fili, ko gona a fadama, ko shanu a wajen kiwo, ko kuɗin da ake juyawa a sayen amfanin gona. Saboda kunya da yarda, ba a rubutawa, ba a lissafi, kowa yana cewa ai mun zama ɗaya. Ranar da ɗaya ya faɗi, sai magada su tashi, wannan ya ce saniya biyar ce, wancan ya ce uku, abotar shekara talatin ta ƙare a gaban alƙali. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, a cikin suratul Baƙara, a kan rubuta bashi ta sauka. Minti goma sun isa a ɗauko takarda, a rubuta abin da ke akwai, a kira mutum biyu su shaida, kowa ya riƙe kwafi. Wanda ya yi haka ya rufa wa amininsa asiri ne, ya kuma hutar da 'ya'yansu. Bayan nan sai a nemi gafarar juna da gaske. "Mu yafi juna" ta zama kalmar da muke jefawa mota tana tafiya. Idan akwai abin da ya taɓa sosa rai, ko bikin da ba a zo ba, ko rancen da aka yi shiru a kansa, a ambace shi a zaune, a wanke shi, kowa ya kwana da zuciya fara.

Sai rakiya. A dā ana raka baƙo har bayan gari, a tsaya ana kallonsa sai ya ɓace. Yanzu wani daga kan kujera zai miƙa hannu, ya kira mai Keke Napep ya ce a kai shi tasha. Idan ba rashin lafiya ko wani uzuri mai ƙarfi ba, ka tashi ka bi shi. Ka taya shi neman mota mai lafiyar taya, ka zauna da shi har ta cika, ka ga tashinsu. Zumunci a ƙafa yake, kuma wannan 'yar tafiya zuwa tasha tana cikinsa. Idan ya yi nisa ka kira ka ji inda suke, idan ya sauka ka ji saukarsa.

Baƙo ma yana da nasa. Ka faɗi ranar komawarka tun da ka sauka, don mai gida ya tsara kansa. Kada ka tara wa kanka sabgogi goma a gari sannan ka bar amininka da ragowar lokaci. Idan ka ga yana shirin wahalar da kansa a kan tsaraba, ka hana shi da gaske, ka nuna masa don shi ka zo. Ka shiga ka gode wa matan gidan da suka yi ta ɗawainiya da kai, ka kira yaran da sunansu, ka sa musu albarka. Kuma kada ka sulale. Ko an dame ka da buƙatu, tafiya babu sallama tana barin tabon da ya fi na "babu" daɗewa.

Hausawa sun ce baƙo raɓa ne. Ina roƙon 'yan uwa, duk wanda Allah ya kawo masa aboki a wannan shekara, ya gwada wannan sau ɗaya: a gama sayayya da gaishe-gaishe da wuri, a bar jajibirin tafiya babu komai a cikinsa sai zama da hira da warware amana, a kuma sallame shi da sassafe. Wanda ya gwada ya ga bai fi ba, ƙofa a buɗe take ya zo ya faɗa mana a taro na gaba, mu ji tasa hujjar.

Allah ya kiyaye matafiyanmu, ya sada mu da alheri, ya jiƙan waɗanda muka yi sallama da su ba mu san ita ce ta ƙarshe ba. Amin.